Zuwana Kufan Surame Neman Gidan Sarautarmu

Wata biyu ke nan da dawowata, kuma ba ranar da zan zauna a majalisarmu ta bayan la'asar ba a samu wanda ya ce, "Yarima, ba mu labarin Surame" ba. Ni kuwa sai in ce tafiya ta yi kyau, in nuna hoto biyu a waya, in yi maza in jawo zancen ƙwallo. An koma kan abokin tafiyata, Masta Kwaku, shi kuma ya ce labarin ba nasa ba ne, a tambayi mai shi. Na san Kwaku. Riƙon da yake yi wa bakinsa ba mai daɗewa ba ne, kuma ranar da ya suɓuce masa, nasa labarin zai fi nawa gishiri. Shi ya sa na ga gara in faɗa da kaina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sallau. A Zongon Kumasi aka haife ni, nan aka haifi mahaifina, kuma kusan shekara talatin ina sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Suame Magazine. Yarima ba sunan yanka ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce kakansa sarki ne a ƙasar Kabi, can arewacin Najeriya, a wani birni mai ganuwar dutse da ake kira Surame. Shi sau ɗaya yake faɗa a shekara, ranar Sallah in ya ƙoshi. Ni ne na ɗauki maganar na mai da ita sana'a. In ana musun siyasa, sai in ce mu jinin sarauta mun san mulki. In mai saye ya yi wa kayana tayin wulaƙanci, sai in tuna masa da wa yake magana. Da aka fara kirana Yarima don tsokana, sai na sa aka rubuta shi a allon shagona da jan fenti.

Masta Kwaku bakanike ne, rumfarsa tana jikin shagona. Mutumin Asante ne, Kirista, amma cikin 'yan Zongo ya tashi. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk "ya" ne a wurinsa. Shekara ashirin yana yi mini tambaya ɗaya: "Alaji, namu fada yana nan Manhyia, kowa yana gani. Naku yana ina?" Ni kuma shekara ashirin ina ce masa tamu ba irin wadda ake zuwa da motar haya ta trotro ba ce.

Gwaggo Asabe ce ta tayar da tafiyar. Ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ta rage a cikinsu, kuma tun azumin bara ko tsakar gida ba ta fita sai an riƙe ta. Wata Juma'a na je gaishe ta, ta ce, "Sallau, kullum Surame, kullum Surame. Ka je mana ka gano ko akwai sauran namu. Ina so in sani kafin in tafi." Ta ba ni abin da ta riƙe daga bakin kakarta: wanda ya fara zuwa ƙasar nan sunansa Gado ɗan Noma, fataken goro ya biyo, kuma ya baro ƙane a gida mai suna Arzika. Ta faɗi sunan wani ƙauye, na rubuta a bayan katin shago. Ita dangi ta aike ni nema. Ni kuwa a kunnena, rawani aka ce in je in karɓo.

Na ɗinka babbar riga ta farar shadda mai aiki har ciki, na sayi hula dara da sabon takalmi, na sa aka zaɓo mini farin goro manya aka ɗaure cikin ganye, don ba a zuwa gaban sarki hannu rabbana. Da Kwaku ya ji, ya rufe rumfa ya ce da shi za a je. "Ina so in gani da idona," in ji shi. Na yi murna, don yarima ba ya tafiya ba rakiya.

Daga Kumasi zuwa Ankara, babban birnin Gana, ba abin faɗi, hanya ce da kowa ya sani. A Aflao, bakin iyakar Togo, abin ya soma. Ma'aikaci ya nemi katin rigakafi. Kwaku ya zaro nasa daga aljihun gaba. Nawa yana aljihun babbar riga, babbar riga tana ƙasan akwati, akwati yana saman mota ƙarƙashin buhunan gari da tamfol da igiya. Sai da aka sauke kayan kowa. Wata 'yar kasuwa mai zuwa Lome ta tsaya a kaina tana zuba mini faɗa da yaren Ewe. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na fahimci duka.

A Kwatano, babban garin kasuwar Benin, babur ake hawa, masu shi duk da rawayar riga. Muka ɗauki biyu, nawa a gaba na Kwaku a baya, zuwa unguwar da su ma suke kira Zongo. Kafin mu wuce shataletale biyu na waiga, ba Kwaku. Wayata ba ta aiki a ƙasar, Faransancina kuwa daga "bonjur" sai "marsi". Mai babur ya sauke ni a bakin wani masallaci ya yi gaba. Ina tsaye da akwati sai na hango mai tsire, na ce to, inda akwai tsire akwai Bahaushe. Na yi masa sallama, na zayyana masa halin da nake ciki da Hausata mafi kyau, irin wadda nake yi in an ba ni jawabi wurin ɗaurin aure. Ya saurara har na gama.

"Alhaji ɗan Gana ne ko?" in ji shi.

"Asalina Bakabe ne. Me ya sa ka ce Gana?"

"Ka ce ka gaji paa, ka ce ba ka san garin ba koraa."

Ban ma san na faɗa ba. A Zongo ni ake kawo wa gardamar Hausa in raba. Mutumin, ɗan Tawa ne ta Nijar, ya bar wa maƙwabcinsa tsiren ya raka ni da kansa gidajen baƙin unguwar. A na biyu muka tarar da Kwaku ya riga ya kama ɗaki, ya yi wanka, yana zaune yana cin wani burodi dogo kamar sandar makiyayi.

Washegari muka kama hanyar arewa zuwa Kandi, yini guda cur a mota. Ina kan kujera mai soso, ga iska tana shigowa, amma tun azahar ƙuguna ya riƙe. Na tuna Gado ɗan Noma ya ratsa ƙasashen nan ba mota ba kwalta, ko da yake a lokacin a kan doki nake hango shi, ana riƙe masa laima. A hanyar nan Kwaku ya fara ramewa. Mutumin Asante in bai ci fufu ba bai ci abinci ba, ko da tukunya ya cinye. Ya ci tuwon masara da miyar kuɓewa inda aka tsaya sallah, ya ci soyayyen cukun da suke kira wagashi, ya ci doya da ƙwai, sannan ya shafa ciki ya ce, "Alaji, yau kwana biyu ina azumi."

Daga Kandi muka shiga ƙaramar mota zuwa bakin iyaka, mu huɗu a gaba har da direba, wanda duk sa'ad da zai sa giya sai ya ce in ɗaga gwiwa. Da na taka ƙasar Najeriya a Tsamiya, sai na ji ni a ƙasar kakannina, wannan kam da gaske. Na miƙa wa ma'aikaci fasfo na ce, "Na dawo gida."

Ya dubi fasfo, ya dube ni. "Sannu da zuwa, Alhaji. Gida ina?"

"Surame."

Ya juya wajen abokin aikinsa. "Akwai gari Surame?"

"Kufai ne, can wajen hanyar Sakkwato," in ji wancan. "An kai mu muna makaranta. Ba kowa sai duwatsu."

Na yi murmushi irin na babba da ya san abin da yara ba su sani ba. Na ga Kwaku ya ajiye maganar a ransa.

Kwana biyu muka yi a Birnin Kebbi, a wani ɗaki mai gado biyu da fanka mai juyawa in an kawo wuta. Da safe na je wurin mai abinci na ce, "Mma, a sa mini wache da shito." Ta dube ni kamar na yi mata Sinanci. Kwaku ya nuna tukunya ya ce, "Shinkafa da wake," nan take aka zuba masa da mai da yaji. Ni Bahaushe, sai da mutumin Asante ya yi mini tafinta a ƙasar Hausa. Tuwon shinkafarsu da miyar kuka da kifi kuwa, ku yi haƙuri matan Zongo, ya fi namu. Kwaku ya yi ta bincike har ya samo sakwara a wata rumfa bayan tasha, ya ci malmala uku ya ce ɗan'uwan fufu ne amma ba uwa ɗaya ba.

Gaisuwa ma sai da na sake koyo. A Kumasi in ka shiga taro, hannu kake bi kana bayarwa daga dama zuwa hagu, har ka gama. A can na miƙa wa matar mai masauki hannu, ta ɓoye nata cikin mayafi ta gaishe ni daga nesa, na rasa inda zan kai nawa sai na sosa ƙeya. Maza kuwa in suka kama hannunka ba sa saki sai sun tambayi gajiya da gida da iyali da aiki da ruwa, su koma kan gajiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk inda Kwaku ya buɗe baki sai a taru, wai ga mutumin Gana, Kirista, yana Hausa. A ba shi kujera, a saya masa fura. In ni na yi magana sai a ce, "Allah sarki, ta ɗan gurɓace. Zama cikin wasu ƙabilu ne."

Ranar zuwa Surame na fito da kayan. Ƙarshen damina ne, an fara yankan gero, rana kuwa ba ta san yarima ba. Muka bi mota ta Argungu muka wuce, aka sauke mu a wata mararraba, daga nan sai babur, wanda su suke kira kabu-kabu. Ba a ɗinka babbar riga don babur ba. Iska ta shiga ta kumbura ta, mai babur ya ce in tattare kada ta shiga taya ta kashe mu duka. Haka na yi tafiyar rungume da rigata da ƙunshin goro.

Bari in faɗi abin da ke kaina. Na taɓa kai iyali Elmina, na ga farin ginin nan mai benaye a bakin teku, da igwa a jere, da tagar sayen tikiti, da mai jagora da kati a wuya, da baƙi daga Amurka suna share hawaye. Haka na ɗauki Surame, sai dai ta fi girma, kuma da dogarai a ƙofa. Na yarda za a ga tsufa a jikin ginin, amma na tabbata akwai wani zaure inda wani dattijo mai rawani zai ji sunan Gado ya miƙe tsaye.

Mai babur ya tsaya a tsakiyar daji ya kashe inji.

"Mai ya ƙare?" na ce.

"Mun iso, Alhaji."

"Ina birnin?"

"Kana cikinsa."

Sai da na natsu sannan na gani. Abin da na ɗauka tudu ne, ganuwa ce. Duwatsu ne aka jera bisa juna da jar ƙasa a tsakani, wani wuri ta kai ƙirji, wani wuri ta fi tsayin mutum, wani wuri ta zube ta zama tsibi, ta miƙe cikin sabara da ƙaya har inda ido ya gaza. Ba rufi, ba ƙyaure. Awaki suna kiwo a gindin wata tsohuwar kuka.

Mai babur ya kirawo mana mai kula da wurin daga gonarsa. Malam Bawa sunansa, dattijo siriri, ya zo da lauje a hannu. Ya dubi rigata daga sama har ƙasa, ya gaishe ni da girmamawa, ya ce mu biyo shi. Ya ce wajen shekara ɗari biyar ke nan da sarkin yaƙin da ya kafa ƙasar Kabi ya gina nan ya zama babban birninsa. Ganuwar ba ɗaya ba ce, zobe ce cikin zobe, da ƙofofi bakwai, kuma duk ƙasar da sarkin ya ci da yaƙi sai ta aiko mutane aikin gini. Ya kai mu wani ɓangare da ya fi sauran ƙarfi ya ce ana cewa waɗanda suka yi shi a makare suka iso, sai aka hana su ruwa aka ce da man kaɗanya za su kwaɓa ƙasa. Ya nuna mana wani wuri da ake kira Siraɗi, wai nan ake gwada wanda ake zargi: a gitta siririn itace bisa rami, da wuta a ƙasa, in ya haye ya kuɓuta. Daga baya sarauta ta tashi ta koma Birnin Kebbi, can gaba ta koma Argungu, gari ya mutu.

"Haka muka ji," in ji shi. "Mu ba mu gani ba."

Na tambaye shi su wa ke zuwa. Ya ce 'yan makaranta da malamansu, jefi-jefi Bature da littafi da igiyar awo. Ya ce wani mutum ya taɓa zuwa shi kaɗai ya yini zaune a gindin ganuwa bai ce komai ba, da yamma ya yi godiya ya tafi. "Mai babbar riga dai, kai ne na farko."

Kwaku tuni ya durƙusa yana shafa ginin, yana sa yatsa tsakanin duwatsu. "Alaji, dubi. Ba siminti, ba rodi. Gidan yayana a Bantama shekara goma ya tsage." Ya shiga tambayar Malam Bawa daga ina aka samo dutsen, da me aka kawo shi. Ni kuwa abin da ya dame ni hoto ne. Tun da ba fada ba dogarai, na ce ko hoto ɗaya mai kwarjini in kai Zongo. Na ba mai babur waya, na tattare riga na hau ganuwa. Malam Bawa ya fara cewa, "Alhaji, ba a hawa," sai dutsen da na taka ya goce. Na zame na sauka da mazaunai cikin wata ciyawa da ba mu da ita a Kumasi, ƙarangiya, mai 'ya'ya masu ƙaya da suke maƙale wa duk abin da suka taɓa. Farar shaddata ta koma kamar bushiya. Dutsen ya gangaro ya tsaya kusa da ƙafata.

Malam Bawa bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye lauje, shi da Kwaku suka kinkimi dutsen suka mai da shi gurbinsa, Kwaku yana juya shi har ya zauna daidai. Abin da ya jure wa yaƙi da ruwan shekara ɗari biyar, sai ga mai cewa shi ɗan gida ne ya zo daga Gana ya ture.

A nan ne na tuna da saƙon Gwaggo. Na zaro katin shago na karanta wa Malam Bawa sunan ƙauyen. Ya ce ai ga shi can bayan gonaki, ya hau bayan babur ɗin Kwaku ya kai mu. Da ya ji sunayen da nake nema, ya ce akwai gidan da ya kamata mu fara. Gida ne na ƙasa, da rumbuna a gefe, da jakai ɗaure a turke a ƙofa, waɗanda ban ko kalla ba. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, wani tsoho ya fito yana dogara sanda. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Gado ɗan Noma," in ji tsohon a hankali. "Wanda yat tahi Gwanja." Gwanja shi ne sunan da mutanen da suke kiran ƙasarmu ta goro. "Awo, an ba mu labarinsa. Arzika kakana ne. Sunansa aka sa mini."

Kwaku ya matso ya raɗa mini, "Alaji, dubi kunnensa." Gidanmu muna da wani irin kunne mai buɗewa kamar marfin tukunya, wanda tun ina yaro nake dannewa da hula. Ga shi nan a kan Baba Arzika, guda biyu, ba ragi.

Na gyara murya. "Baba, a gida an ce mana kakanmu sarki ne."

"Awo, sarki ne. Noma sarki ne, ubansa ma sarki ne. Yanzu haka sarautar tana gidan nan, a hannuna."

Na gyara zama, na dubi Kwaku don ya shaida.

"Wace sarauta ce, Baba?"

"Sarkin Jakai."

Ya ci gaba da bayani, ba tare da ya lura da fuskata ba. Ya ce tun kaka da kakanni gidansu gidan jakai ne. An ce su suka yi jigilar dutse da ruwa lokacin ginin ganuwa, kuma har yau in za a kai hatsi kasuwa ko a ɗebo yashi, wurinsa ake zuwa ya raba aiki. Gado ma jakan fatake ya kora zuwa Gwanja. Kwaku ya miƙe ya ce zai duba sarƙar babur, yana jin kamar ta saki. Na ji shi a bayan katanga yana wani tari mai tsawo.

Zan faɗi abin kunyar da na yi a raina, tun da na ce gaskiya zan faɗa. Ƙunshin goron yana ƙarƙashin rigata, kuma na yi tunanin in bar shi a can in koma da shi, tun da sarki na saya wa. Ina cikin wannan tunani tsohon ya ce kakansa Arzika har ya mutu, duk ayarin da ya dawo daga Gwanja sai ya je zango ya tambayi ɗan'uwansa. Bai taɓa samun labari ba. "Mun ɗauka daji ya cinye shi, bai bar baya ba. Ashe ya bari. Ku nawa ne?"

Na fara lissafa masa gidaje, na Kumasi, na Ankara, na Tamale, da ɗan yayana da ke Jamus. Kowane suna na faɗa sai ya maimaita shi, kamar yana gudun kada ya faɗi ƙasa. Da na zo kan Gwaggo Asabe na ce jikar Gado ce kuma tana raye, ita ta aiko ni, sai ya sa hannun riga ya rufe fuska. Na jawo ƙunshin na kwance ganyen na ajiye a gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu.

"Goron da Gado ya tafi nema," in ji shi, "yau ya iso."

Gida ya cika. Aka yanka zabo, aka tuƙa tuwon gero, aka dama fura. Matan gidan suka karɓi babbar rigata suka zauna su uku suna cire ƙarangiya ɗaya-ɗaya, ni kuwa na ci abincin zumuncin a singileti, da dara a ka. Kwaku ya ci har ya manta da zancen azumi. Ba a samun layin waya a ƙauyen, don haka na ɗauki muryar Baba Arzika yana gaida Gwaggo, yana jero mata sunayen kakanni da na 'ya'yansa, yana ce mata 'yar'uwa.

Malam Bawa ya ce mu tashi da sauran rana, hanyar ba ta yamma ba ce a zamanin nan. Da muka zo daidai ganuwa, Kwaku ya dafa kafaɗar mai babur ɗinsa ya ce a tsaya. Na ɗauka lokacin tsokana ya yi, na shirya. Ya sauko ya zo wurina.

"Alaji, a wurinmu mutum ba ya zuwa gidan kakanni ya tafi bai gaishe su ba. Ni ban san yadda ku kuke yi ba. Amma tun safe ban ga ka yi ba."

Tun safe hoto nake nema, daga baya kuma ina jinyar girman kaina. Na sauka na je gindin ganuwa, daidai inda duwatsun suka fi girma, na dafa ɗaya da hannu biyu don in ji nauyin da jaki ya ɗauka da wanda ya ɗora masa. Na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, na roƙa wa Noma da Gado da Arzika gafara, da waɗanda ban san sunansu ba. Malam Bawa da masu babur suka shafa tare da ni. Kwaku ya cire hularsa ya tsaya a gefe har muka gama.

Komowa ba ta da labari, sai dai katin rigakafi a aljihun gaba na sa shi. A duk tsawon hanya Kwaku bai ambaci jaki ba ko sau ɗaya, ko da muka wuce garkensu a kusa da Kandi sai ya juya yana kallon ɗaya tagar.

Ranar da muka iso ban ko sauke akwati ba na wuce wurin Gwaggo. Na kunna mata muryar. Ta riƙe wayar a kunne da hannu biyu, hawaye yana bin kuncinta, tana amsa gaisuwar kamar yana jin ta. Da ta ƙare ta ce, "Ka yi musu addu'a?"

"Na yi, Gwaggo."

"Kai ka tuna, ko tuna maka aka yi?"

Na ce Kwaku ne. Ta gyaɗa kai ta ce in kawo mata shi ta sa masa albarka. Daga nan na shiga kewaye-kewaye, ina neman yadda zan gaya wa tsohuwa marar lafiya maganar sarautar ba tare da na karya mata zuciya ba. Na ce sarauta iri-iri ce, na ce kowace sana'a da darajarta. Ta bar ni na yi ta fama.

"Sarkin Jakai," in ji ta. "Ai na sani. Ubanka ne ya yanke wa sunan wutsiya lokacin da yake neman auren uwarka."

"Gwaggo, shekara talatin kina ji ana kirana Yarima. Me ya hana ki gaya mini?"

"Da na gaya maka, da ka je?"

Ta miƙo mini wayar ta ce, "Sake kunna mini ɗan'uwana."